Yadda Ake Bin Sawun Makarɓin EGF a Cikin Ƙwayoyin Kansa da Aka Raina a Ɗakin Gwaji

Ɗaliban digiri na biyu da na uku sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya: bayan EGF, furotin da ke sa sel (ƙwayar halitta) girma da rarrabuwa, ya kama makarɓinsa da ke fatar sel, wato EGFR, ta yaya za a ga inda makarɓin ya nufa, kuma da me za a tabbatar ko ya koma fatar sel ko an narkar da shi a laisosom, jakar narkarwa ta cikin sel? Wasu sun samu hotuna masu ɗigo-ɗigo gwanin sha'awa amma sun rasa fassararsu, wasu kuwa duhu kawai suka gani. Ga tsarin daki-daki.

Abin da za ku riƙe kafin a fara kaɗan ne. Sel na haɗiye makarɓin a cikin 'yar jaka, ta kai shi endosom na farko. Wannan endosom kamar tashar mota yake: daga nan wasu fasinjoji kan juya gida, wato fatar sel, ta hanyar furotin Rab4 ko Rab11, wasu kuma su wuce gaba ta Rab7 zuwa laisosom inda za a narkar da su. Aikinku shi ne ku kama makarɓin a kowane zango a daidai lokacinsa. Abubuwa uku ke yanke hukunci a wannan gwaji: sanyi, agogo, da adadin EGF ɗin da kuka zuba. Tsadar madubi tana biye da su ne.

1. Zaɓen sel

Ku fara da HeLa, sel ɗin kansar bakin mahaifa ta ɗan'adam. Tana shimfiɗuwa sosai a kan gilashi, makarɓanta ba su yi yawa ba kuma ba su yi kaɗan ba (dubbai goma-goma a kowace sel), kuma narkewar EGFR tana fitowa a fili cikin sa'o'i biyu zuwa uku.

Mutane da yawa suna ruga wa sel ɗin A431 saboda tana ɗauke da makarɓa sama da miliyan ɗaya a kowace sel, hoto na fitowa da haske ƙwarai. Amma yawan nan shi ne matsalarta. Injin haɗiya na sel yana da iyaka, sai yawancin makarɓan su tsaya a fata, ku ɗauka haɗiyar ce ta lalace. Haka MDA-MB-468 take. MCF7 kuma makarɓanta sun yi ƙaranci, da ƙyar za ku ga wani abu.

In tambayarku ta shafi makarɓi mai sauyin halitta ne, akwai PC9 da HCC827 masu gogewar ekson 19, da H1975 mai ɗauke da L858R da T790M. A irin waɗannan makarɓin yana kunne tun kafin a ba shi EGF, wani sashe nasa ma yana zaune a cikin sel tun daga farko, kuma ba ya narkewa da sauri. Ku riƙa gwada su gefe da gefe da HeLa don ku sami abin kwatance.

Gargaɗi: EGFRvIII, wani nau'in makarɓin mai guntulen ɓangaren waje, ba ya kama EGF ko kaɗan, don haka EGF mai launi ba zai nuna shi ba, sai antibodi, wato furotin da ke kama abu ɗaya takamaimai don a rina shi. Sannan ku yi gwajin maikofilasma, bakteriyar da ke gurɓata sel ɗin raino, kafin komai. Sel mai wannan cuta takan yi kamar lafiyarta lau a madubi, alhali duk lokutan tafiyar makarɓi sun rikice.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Za ku buƙaci EGF mai launi (Alexa Fluor 555 ko 647), EGF marar launi, tiransferin mai launi daban, antibodin EEA1 don endosom na farko, antibodin LAMP1 don endosom na ƙarshe da laisosom, antibodi na biyu masu launi, DAPI mai rina cibiyar sel, farafomaldihaid, safonin, BSA, PBS, ruwan raino na DMEM, HEPES, ƙananan gilasai masu zagaye na milimita 12 ko 13 masu kauri lamba 1.5, faranti mai ramuka 24, Parafilm, ƙanƙara mai yawa, da agogon ƙidayar minti.

Antibodi ne ke cinye kuɗi. Kwalba ɗaya ta maikirolita 100 daga manyan kamfanoni takan kai dala 300 zuwa 600, ban da kuɗin jigila cikin sanyi. Akwai sauƙi a wuri ɗaya: antibodin LAMP1 na ɗan'adam mai suna H4A3 ana samunsa da arha a DSHB ta Jami'ar Iowa a Amurka, kuma yana aiki da kyau. Sauran tattalin yana mataki na 9.

EGF marar launi yana manne wa jikin roba. Ku narkar da shi a ruwa mai BSA kashi 0.1 cikin ɗari, ku rarraba a ƙananan bututu, ku daskarar. Bututun da aka narkar sau uku ko huɗu saboda ɗaukewar wuta, kada ku yarda da adadin da aka rubuta a jikinsa.

3. Shimfiɗa sel da hana su siram

Ku saka gilashi ɗaya a kowane rami, ku zuba sel tsakanin 30,000 da 50,000, ku bar su kwana ɗaya. Abin nema shi ne su rufe kusan rabin gilashin zuwa kashi 60 ranar gwaji. Sel da suka cunkushe ba sa shimfiɗuwa, endosom ɗinsu na hawa kan juna.

Dabara mafi muhimmanci a nan: kowane lokaci da farantinsa. Minti 0, 5, 15, 30, 60 da 120, faranti shida ke nan. In kun haɗa su a faranti ɗaya, duk sanda kuka fito da shi don cire gilashin minti 5, sauran sun huce.

Daga nan ku wanke da PBS sau biyu, ku zuba DMEM marar siram mai BSA kashi 0.1. Siram, ruwan jinin dabba da ake ƙara wa ruwan raino, yana ɗauke da abubuwan da ke tayar da makarɓai, cire shi ke sa EGFR ya taru a fata cikin natsuwa. Sa'o'i 3 zuwa 4 sun isa ga HeLa. Wasu suna barin su har kwana, kuma yana yiwuwa, amma doguwar yunwa tana tayar da cin-kai na sel, laisosom su sauya yawa da wurin zama. In LAMP1 ne abin da za ku auna, gajeriyar yunwa ta fi. Ko wanne kuka zaɓa, kada ku sauya shi tsakanin gwaji da gwaji.

4. Adadin EGF

A nan ne mafi yawan rikicin sakamako ke samo asali, kuma ba a cika tattauna shi ba. Aikin ƙungiyar Pier Paolo Di Fiore a Milan ya nuna cewa a HeLa, idan EGF kaɗan ne, kamar nanogiram 1 zuwa 2 a mililita, makarɓin yana shiga ne ta ramukan kilatirin, furotin da ke lulluɓe jakar haɗiya, kuma kaso mai yawa na komawa fata. Idan aka ɗaga zuwa nanogiram 20 har 100, furotin Cbl yana lafta masa yubikwitin sosai (ƙaramin furotin da ke alamta abin da za a narkar), wata hanyar haɗiya marar kilatirin ta buɗe, narkewa ta ƙaru. Ke nan wanda ya yi gwaji da 100 da wanda ya yi da 2 ba abu ɗaya suka kalla ba, ko da sel ɗinsu ɗaya ce.

Shawarata: ku fara da 100 don ku ga hanyar narkewa ƙarara, ku saba da aikin. Daga baya ku sauko ƙasa, domin ƙananan adadin sun fi kusa da abin da yawancin sel ke gamuwa da shi a jiki.

Gargaɗi: EGF ɗan ƙaramin furotin ne, amino asid 53, nauyinsa kusan kilodalton 6, shi ya sa nanogiram 100 a mililita yake daidai da kusan nanomola 16. Amma EGF mai launin Alexa da ake sayarwa galibi an haɗa shi ne da biyotin da sitireftabidin, nauyinsa ya ninka na asali kusan sau goma. In kun zuba nanogiram 100 na wannan haɗin, ainihin EGF ɗin da ke ciki ya yi ƙasa da haka nesa. Ku karanta takardar kamfanin, ku yi lissafi da mola, ku rubuta a littafin aiki wanne kuke nufi.

5. Ɗaura EGF a kan ƙanƙara

Ku cika faffaɗan akwati da ƙanƙara da aka farfasa, ku yayyafa ɗan ruwa don ta kwanta, ku nutsa gindin farantan a ciki. Ku wanke sel sau biyu da DMEM mai sanyi mai HEPES milimola 20 da BSA, sannan ku zuba EGF mai launi a cikin wannan ruwan, maikirolita 200 zuwa 250 a rami. Ku rufe da takardar alminiyom, ku bari minti 30 zuwa 60. Bayan haka ku wanke sau uku da ruwan sanyi don fitar da wanda bai kama ba.

A digiri 4 sel ba ta haɗiya, EGF yana kama makarɓi ya tsaya a fata. Da zarar zafi ya haura, haɗiya ta fara. Faranti da aka ɗora kan dunƙulallun ƙanƙara, iska na wucewa ƙarƙashinsa, ba ya kai wannan sanyin. A watannin Maris zuwa Mayu, a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki, ƙanƙarar kan narke kafin rabin sa'a. Ku ajiye wata a kusa, ku tsoma tamomita a wani rami mai ruwa kawai ku riƙa dubawa. HEPES kuwa dole ne, domin DMEM a wajen inkibeta yana rasa iskar CO2, ya koma shuɗi-shuɗi mai ruwan hoda, sel su wahala.

Wannan hanya tana da aibu, gara ku sani. Sanyi yana wargaza maikirotubul, kuma makarɓai kan taru a bakin ramukan haɗiya suna jira, sai haɗiyar mintunan farko ta yi sauri fiye da ƙa'ida. Don bin sawu daga endosom zuwa laisosom, ba ta da na biyu, saboda duk makarɓan suna tashi tare. Don auna saurin haɗiya kuwa, ku zuba EGF kai tsaye a digiri 37, ku tsayar a minti 1, 2, 3, 4, 5.

6. Saki zuwa digiri 37

Ku ajiye farantin minti 0 a kan ƙanƙara. Sauran, ku zuƙe ruwan sanyi, ku zuba ruwan raino da aka riga aka ɗumama zuwa 37, ku danna agogo a daidai lokacin da ruwan ya taɓa sel.

Iska ba ta ɗumama roba da sauri. Faranti mai sanyi da aka ɗora kan kantar inkibeta zai iya cin mintuna kafin ya kai 37, wato abin da kuka kira minti 5 bai wuce 2 ba a wurin sel. Mafita biyu ce: ko ku ajiye faffaɗan ƙarfe a cikin inkibeta tun da wuri ku ɗora farantin a kansa, ko ku sa farantin ya yi iyo a kan bahon ruwa mai digiri 37. Bahon ruwan ya fi, musamman ga gajerun lokuta, kuma ko wuta ta ɗauke yana riƙe zafinsa na ɗan lokaci. Ku ba da tazarar daƙiƙa 30 tsakanin faranti da faranti, ku rubuta jadawalin a takarda tun kafin ku fara. In da mai taya ku riƙe agogo, ku nemo shi.

A rami ɗaya na kowane faranti ku haɗa EGF ɗin da tiransferin mai launi tun a mataki na 5, maikirogiram 25 a mililita. Shi kullum komawa fata yake yi. Zai kasance tare da EGF a minti 5, su rabu zuwa minti 30, sannan ya dusashe. In kun ga haka, sel ɗinku lafiya suke, kuma kun sami alamar hanyar komawa ba tare da fama da antibodin Rab11 ba, wanda sau da yawa ba ya ba da haske mai kyau.

7. Tsayarwa da wankin asid

Lokaci na cika, ku mayar da farantin kan ƙanƙara, ku wanke da PBS mai sanyi sau biyu cikin hanzari.

In za ku auna yawan abin da ya shiga ciki ne, dole a cire EGF ɗin da ya rage a fata. Ana amfani da asetik asid mola 0.2 da gishiri mola 0.5, a pH kusan 2.8, a kan ƙanƙara, minti 1 zuwa 2, sannan a wanke da PBS sau uku. Ku yi wa gilashi ɗaya na minti 0 wannan wankin. In har yanzu yana haske, ko wankin bai ci ba, ko sanyin mataki na 5 bai kai ba. In da madubin konfokal za ku duba wurin zama kawai, ku tsallake wankin, don yana ɗan ɓata siffar sel.

8. Kafewa da huda fata

Farafomaldihaid kashi 4 a PBS, minti 15. Guba ne, a yi a ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi da safar hannu. Ku wanke, ku zuba amoniyam kuloraid milimola 50 na minti 10 don kashe ragowarsa.

Wajen hudawa, Triton X-100 kashi 0.1 na minti 5 yana yi wa EEA1, amma yakan wanke fatar laisosom, LAMP1 ya fito a warwatse. Safonin kashi 0.1 ya fi taushi kuma yana yi wa duka biyun. Sharaɗinsa ɗaya: hudarsa tana rufewa in an wanke shi, don haka ya kasance a cikin ruwan toshewa, da ruwan antibodi, da ruwan wanki, har zuwa wanki na ƙarshe. Ku toshe da BSA kashi 1 zuwa 3 na minti 30.

9. Rini da antibodi

Kada ku zuba antibodi a cikin rami. Ku shimfiɗa Parafilm a cikin akwati mai jiƙaƙƙen tishu a gefe, ku ɗiga maikirolita 30, ku ɗauko gilashin da ɗan hantsaki, ku taɓa gefensa a tishu, ku kife shi kan ɗigon, fuskar sel tana ƙasa. Kwalbar maikirolita 100 da aka tsarma ɗaya cikin 200 za ta rina gilashi sama da 600 ta wannan hanya. Da zubawa a rami, 80 kacal. Ku lura da wace fuska ce ta sel duk sanda kuka ɗaga, domin gilashin da ya faɗi ya juye ba ya nuna gabansa da bayansa sai an karce shi da allura a duba.

Antibodi na farko sa'a ɗaya, wanki uku, na biyu minti 45 a duhu, DAPI, wanki uku, tsoma ɗaya a ruwa mai tsabta, sai mannawa. Antibodin EEA1 da aka samar a zomo da na LAMP1 da aka samar a ɓera za su hau gilashi ɗaya. Ku ware gilashin da bai ga antibodi na farko ba, da gilasai masu launi ɗaya-ɗaya.

Gargaɗi: in za ku rina EGFR kansa, ku duba wane ɓangare antibodin ke kamawa. Antibodi masu lamba 225 da 528 suna takara da EGF a wuri ɗaya, makarɓin da ke riƙe da EGF ba zai rinu da su sosai ba. Masu kama wutsiyar ciki kuma haskensu kan ragu in makarɓin ya nutse cikin ƙananan jakunkunan da ke cikin endosom.

10. Ɗaukar hoto

Ruwan tabarau na mai, mai ƙara girma sau 60 ko 63, kowane launi a ɗauke shi daban bi da bi. Ku saita ƙarfin haske da gilashin da ya fi kowane haske, yadda babu ɗigon da ya ƙure ma'auni, sannan kada ku sake taɓa saitin. Ku zaɓi filin hoto ta kallon DAPI, don kada ido ya ja ku wurin da ya yi daidai da fatanku. Ku adana ainihin fayil ɗin na'urar, JPEG yana zubar da bayanai.

Wanda ba shi da konfokal kada ya karaya. HeLa siririya ce a gefenta, madubin fuloresens na gama-gari mai kyakkyawan ruwan tabarau yana nuna ɗigon gefe sarai. Kewayen cibiyar sel ne kawai ke yin hazo.

Abin da ya kamata ku gani a HeLa: minti 0, haske a fata. Minti 5, ƙananan ɗigo a gefe. Minti 10 zuwa 15, haɗuwa mafi yawa da EEA1. Minti 30, ɗigon sun girma sun matso cibiya. Daga minti 60, haɗuwa da LAMP1.

11. Aunawa

Ganin ruwan ɗorawa a inda kore da ja suka haɗu bai isa hujja ba. Madubin haske ba ya raba abubuwan da tazararsu ta gaza nanomita 200 zuwa 250, kuma a kusa da cibiya endosom da laisosom a cunkushe suke. Ku buɗe hoton a Fiji, wanda kyauta ne, ku zagaye kowace sel, ku cire hasken bango, ku yi amfani da JACoP ko Coloc 2. Ma'aunin Manders ya fi dacewa da tambayar, domin yana faɗin kaso nawa na EGF ke zaune a inda EEA1 ko LAMP1 yake. Don gwajin gaskiya, ku juya hoton launi ɗaya digiri 90 ku sake aunawa. In adadin bai faɗi sosai ba, cunkoso kuke aunawa.

Sel 30 zuwa 50 a kowane lokaci, a gwaji uku da aka yi a ranaku daban. Sel hamsin daga gilashi ɗaya gwaji ɗaya ne a lissafi.

12. Tabbatar da narkewa da westan bulot

Launin Alexa ba ya narkewa tare da furotin, yakan daɗe yana haske a laisosom bayan an cinye makarɓin. Saboda haka hoto yana nuna isowa ne kawai, narkewa sai an auna furotin.

Ku shimfiɗa sel a faranti mai ramuka 6, ku hana su siram kamar da, ku sa saikuloheksimaid maikirogiram 10 zuwa 25 a mililita minti 30 kafin farawa don hana ƙera sabon makarɓi, sannan EGF marar launi nanogiram 100. Ku fasa sel a kan ƙanƙara a minti 0, 30, 60, 120 da 180, cikin RIPA mai masu hana furotiyes da sodiyam otobanadet. EGFR babba ne, kusan kilodalton 170, don haka jel na kashi 7.5 ko 8, kuma a ba canjawa zuwa takarda isasshen lokaci cikin sanyi. Ku duba jimillar EGFR, da fosfet na Y1068 don shaidar cewa EGF ɗinku na raye, da tubulin ko bankulin don daidaita lodi.

Kada raguwar layin a mintunan farko ta ruɗe ku. Yubikwitin yana ƙara wa makarɓin nauyi, sai ya bazu sama kamar shafe, ya yi kamar ya ragu. Narkewar gaske tana bayyana daga sa'a ɗaya zuwa sama.

Ku ƙara layuka biyu. Na farko da bafilomaisin A1 nanomola 100, ko kulorokwin maikiromola 50 zuwa 100, minti 30 kafin EGF. Dukansu suna hana laisosom aikinsa, in makarɓin ya tsira, a can ake narkar da shi. Kulorokwin ɗin ya zama na ɗakin gwaji, ƙwayar kantin magani tana da gauraye. Na biyu da TGF-alfa, wani furotin da shi ma ke kama EGFR, maimakon EGF, a adadin mola daidai da na EGF. Shi yana sakin makarɓi a tsamin endosom, makarɓin ya koma fata, don haka layinsa ba zai faɗi kamar na EGF ba.

13. In za ku toshe hanyar shiga

Dainaso maikiromola 80 yana da sauƙin amfani, amma siram yana kashe ƙarfinsa, kuma yana taɓa abubuwa ban da dainamin, furotin mai tsinke jakar haɗiya wanda shi ake son hanawa. Pitstop 2 ma ba kilatirin kaɗai yake hanawa ba. Hujja mafi ƙarfi ita ce siRNA, mai hana sel ƙera furotin da aka zaɓa, a kan babbar sarƙar kilatirin ko ɓangaren mu2 na AP-2. Waɗannan furotin suna daɗewa a sel, ana bukatar sa'o'i 72 ko fiye, sau da yawa da zubi biyu. Ku tabbatar da raguwarsu a bulot, ku kuma duba tiransferin a gilashin nan: in har yana shiga, toshewar ba ta kama ba, kuma duk abin da EGF ya yi a wannan gilashin ba abin dogaro ba ne. Ku gwada da ƙaramin adadin EGF da babba duka biyun, domin a nanogiram 100 makarɓin yana iya bi ta ɗaya hanyar ko da kilatirin ya ragu.